Ajiya ko Kiwo?

Amana iri biyu ce a wurin Bahaushe, ko da yake da suna ɗaya yake kiran su. Akwai amanar ajiya. Mutum zai yi tafiya, ya kawo maka kuɗi ƙulle a tsumma, ko zannuwan auren 'yarsa, ka sa a ƙasan adaka ka kulle. Cikar wannan amana shi ne ranar da ya dawo ka miƙa masa kayansa yadda ya ba ka, ba ragi ba ƙari. Akwai kuma amanar kiwo, inda za a ba ka 'yar maraƙa ko tunkiya a ce ka riƙe. Wanda aka ba kiwo, in ya ɗaure dabbar a turke shekara biyu don gudun kura da ɓarawo, ya dawo da ita a raye amma ƙafafu sun sandare, ba ta san ciyawa ba, ba ta san garke ba, babu mai cewa ya riƙe amana, ko da kuwa ƙwarzane ɗaya babu a jikinta. Ita amanar kiwo ba ta cika sai an fita da ita, fita kuwa ba ta rabuwa da haɗari.

Kowane uba da kowace uwa za su gaya maka ɗa amanar Allah ne. Abin da ba mu cika tsayawa mu tambaya ba shi ne, wace irin amanar? A baki duk mun san amsa, don kalmar da muke kiran aikin da ita, reno, 'yar'uwar kiwo ce. A aikace kuwa, a garuruwanmu na tsakiyar Katsina, Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da su, shekarun nan sun mayar da da yawa daga cikinmu masu ajiya. Yaro ya dawo daga makaranta, a ja ƙyaure. In ya dami mutane da ƙiriniya, a miƙa masa waya. Ina so in ɗora wannan hali a kan ma'auni, in ga ko laifi ne, in kuma laifi ne, a wuyan wa yake.

Kafin a ɗora wa kowa komai, wajibi ne a faɗi dalilin jan ƙyauren, domin mai ba da shawara daga nesa yakan manta da shi. Yamma da mu akwai Safana da Batsari, a bayansu dajin Rugu. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kudu da Dutsin-Ma, suka kora yara fiye da 300 cikin daji a ƙasa, sai bayan kwana shida aka sako su. A watan Oktoba na 2023 aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke zaune a cikin gari. Tsakanin manyan labaran da rediyo ya ɗauka akwai ƙanana masu yawa da ba su wuce bakin kasuwa da gidan gaisuwa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, mu kuwa macijin bai ma koma rami ba.

Yayata da ke aure a Dutsin-Ma ba ta barin ɗanta na fari ya wuce zaure bayan la'asar. Da na yi mata magana sai ta dube ni ta ce, "Kai dai ka yi karatu, ban musa ba. Amma in an ɗauke yaron nan, littafinka za ka kai musu su sako shi?" Na ce, "Yaya, shekararsa tara fa, ko keke bai iya ba." Ta ce, "Keke a koya da girma. Rai fa?" Duk wanda zai yi rubutu a kan wasan yara a wannan yanki, dole ya bi ta gaban wannan tambaya, kuma bai kamata ya bi da raini ba.

Abu mafi sauƙi shi ne a tuhumi waya. Ba ta da dangi, ba ta ramawa, kuma tana da nata alhakin. Sai dai mu a nan an taɓa yi mana gwaji ba da shawararmu ba. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki, ba a dawo mana da su ba sai cikin Disamba. Wata uku ba intanet, ba kira. Gaskiya ne masu tura fina-finai a waya ba su rufe shagunansu ba, amma babban kogin da ake cewa shi ya cinye yaranmu ya ƙafe. Da waya ce kaɗai ta raba yara da dandali, da dandali ya cika a watannin nan. Abin da na gani da idona akasin haka ne. Uwar da a da takan bar ɗanta ya je gidan kakarsa saboda za ta iya bugawa ta ji ya isa, sai ta hana shi baki ɗaya. Daga nan na fahimci waya cike giɓi ta zo yi, ta tarar an riga an janye yaron daga waje, ta zama abin lallashinsa a inda aka tsare shi.

To mene ne aka janye shi daga gare shi? Likitoci suna da amsarsu, kuma amsa ce mai ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki sosai na aƙalla minti 60 a rana. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan firamare minti 40 na zama a waje kowace ranar makaranta, bayan shekara uku aka tarar kimanin kashi 30 cikin ɗari ne suka kamu da raunin hangen nesa, alhali a makarantun da ba a ƙara ba sun kusa kashi 40, kamar yadda aka buga a 2015. Na yarda da wannan duka, amma ba shi ya fi damuna ba. Ana iya sa yaro ya yi tsalle da igiya a tsakar gida ya cika mintinsa sittin, rana kuma tana leƙa tsakar gida kamar yadda take leƙa dandali. Abin da tsakar gida ba za ta ba shi ba wani abu ne daban, kuma don in nuna shi sai na yi maganar langa.

A Kurfi na yi yarintata, kuma langarmu ta farin wata ce, bayan an tashi daga karatun dare. Mai karatun da bai taɓa yi ba, ga yadda take. A rabu gida biyu, kowa ya riƙe ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, ya tsaya a kan ɗaya. Ɓangare guda yana da wanda ake kira ruwa, shi ake so ya tsallaka ya kai wurin da aka shata, 'yan'uwansa suna kare shi, abokan hamayya suna neman kayar da shi. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa ya fita. Yau langa tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa, tare da dambe da kokawa, da alƙali da usur. Tamu ba ta da alƙali, kuma nan ne duk darajarta take. Hasken wata ba ya isa a ga hannun kowa. In aka ture ka ka yi tangal-tangal, kana iya sakin ƙafar ka dafa ƙasa ka sake kamawa kafin ƙiftawar ido. Wani lokaci babu wanda ya gani sai kai. Wani lokaci wani ya gani, sai gardama ta kaure: "Ka saki!" "Ban saki ba!" "Rantse!" Wasa ya tsaya cak, yara goma sha biyu su zama kotu, da mai ƙara da mai kare kai da shaidu, kuma dole a yanke hukunci da wuri don dare na tafiya. Wanda aka kama da ƙarya sau biyu, sau uku, ba a dukansa. Hukuncinsa kalma biyar ce: ba ma yi da kai. Ya koma gefe ya tsaya da ƙafafunsa biyu yana kallo, kuma ban san wani horo da ya fi wannan ciwo a wurin ɗan shekara goma ba.

A lura da abin da ke faruwa a nan. A gida yaro yana bin doka saboda uba ya fi shi ƙarfi. A makaranta yana bi saboda bulala. A dandali ne kaɗai yake zama a ƙarƙashin dokar da shi da tsararrakinsa suka amince da ita, suna iya gyara ta, kuma babu mai tsare ta sai su. In ɓangare ɗaya ya fi yawa, a tura mafi ƙarfi zuwa ga marasa yawa. In ƙanin wani ya nace sai ya shiga, a yarda ba za a ture shi da ƙarfi ba. Babu malamin da ya koya mana wannan, kuma ba tausayi ne ya fara kawo shi ba. Mun dai gane cewa wasan da ɓangare ɗaya ke ci kullum mutuwa yake yi, waɗanda ake cinyewa su watse, mai nasara ya rasa wanda zai ci. Adalci ya shigo mana ta ƙofar son kai, daga baya ya zauna ya zama hali. Jean Piaget, masanin halayyar yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya gina littafinsa na 1932 kan yadda yaro ke hukunta daidai da kuskure a bisa kallon yara suna wasa da 'yan ƙwallayen gilashi a titi. Ya ga ƙanana suna ɗaukar dokar wasa kamar saukakkiya ce, ba ta taɓuwa, manyansu kuwa sun gane yarjejeniya ce, tana canzuwa in kowa ya yarda, kuma saboda haka suka fi kiyaye ta. Da ya zo Kurfi da ya ga abin nan a kan ƙafa ɗaya.

Wasan waya ma yana da dokoki, har ya fi langa tsauri, amma na'ura ce ke tsare su. Ba za ka iya sakin ƙafa a ɓoye ba, don haka ba za ka taɓa sanin ko kai mai gaskiya ne ba. Inda ba a iya ha'inci, ba a iya riƙon amana. In kuma an cinye ka, ka danna ka sake sabo, ba wanda zai tuna maka gobe a bakin rijiya. Yaron da ya tashi a haka yana iya zama mai ladabi, mai haddar karatu, amma gaskiyarsa ba a taɓa ɗora mata kaya ba, sai ranar da aka ba shi ajiyar kuɗin jama'a yana da shekara talatin.

'Yan mata suna da tasu makarantar, kuma ta wani fannin ta fi tamu zurfi. A gaɗa akwai inda yarinya ke juya wa ƙawayenta baya, ta saki jikinta gaba ɗaya ta faɗa, su tare ta su cilla ta sama. Wadda ta yi tantama ta ƙanƙame jiki, ita ke jin ciwo. Wadda ta janye hannu ta bar ƙawarta ta sha ƙasa, unguwa duka za ta ji kafin gari ya waye. Ga carafke mai koyar da ido da hannu su yi aiki tare, ga 'yar gala-gala. Ga kuma tashe, da ake farawa in azumi ya kwana goma, inda yara ke shirya kansu ƙungiya-ƙungiya, su kwaikwayi marowaci da malalaci da tsoho mai kwaɗayi a gaban manyan da ake kwaikwayo, a ba su hatsi ko kuɗi, su koma su raba. Rabon nan kansa darasi ne, don a nan ake gane shugaban da zai ci amana. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara irin waɗannan a Tatsuniyoyi da Wasanni tun 1971, kuma Allah Ya saka masa. Sai dai abin yana ba ni dariya mai ɗaci in na ga ɗalibin adabi yana haddace rabe-raben wasannin dandali don jarrabawa, alhali ƙaninsa a gida bai taɓa riƙe ƙafarsa ta baya ba.

Akwai kuma wata asara da ta wuce kan yaron. Enid Schildkrout, Ba'amurkiyar da ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda yara suke zama ƙafafun gari a inda matan aure ke kulle. Su ne kaɗai ke shiga kowane gida ba sallamar jira, su kai saƙo, su karɓo adashi, su dawo da labarin wadda ta haihu da wadda ba ta da lafiya. Haka abin yake a wurinmu. Idan aka tsare yara, gidajen ma an tsare su daga juna.

Ba zan yi wa da ƙarya ba. Wajen da muka taso a ciki ba aljanna ba ne. Kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini sun ci yara a kowace damina, tafkuna da bakin madatsar Zoɓe, wadda aka gama a 1983, suna da nasu rabon. Da yawa daga cikin tsararrakina sun yi tsargiya, suna fitsarin jini, har wasu na ɗauka alamar girma ce. Akwai cin zalin babba a kan ƙarami, akwai gurgu da mai in'ina da aka mayar abin tsokana. Sannan kalmar waje ita kanta tana bukatar a tsaya a kanta, domin wanda ya zaga Dutsin-Ma da hantsi ya ce yara ba sa fita, za a yi masa kallon makaho. Ga almajiri da robarsa tun asuba, ga yarinya da farantin talla a tasha, ga 'ya'yan waɗanda aka koro daga ƙauyukansu suna yawo a bakin kasuwa. Waɗannan rana ba ta yi musu kaɗan ba, kuma babu likitan da zai ce ba su cika minti sittin ba. Amma ba wasa suke ba. Wasa shi ne abin da yaro ya shiga don kansa, zai iya bari in ya ga dama, kuma cikinsa ba ya jiran sakamakonsa. Saboda haka gari ɗaya yana da yara iri biyu da aka raba da dandali: wanda aka kulle don ana tsoron a rasa shi, da wanda aka saki don ba a da abin riƙe shi. A dandalin da, su biyun suna haɗuwa. Ɗan hakimi da ɗan mai gyaran takalmi da almajirin da ya gama bara duk ƙafa ɗaya suke tsayawa, kuma wanda ya fi iya langa shi ne ruwa, ko ɗan wane ne. Yau sai su girma ba su taɓa dafa kafaɗar juna ba, kuma gari ɗaya za su gada.

Yanzu in koma ga tambayar rai. Ina ganin kuskuren da tsoro ke sa mu shi ne haɗa haɗari iri biyu a ƙwarya ɗaya. Akwai haɗarin da yaro ke iya gani ya auna: tsayin reshen kanya, kaifin ƙayar aduwa, ƙarfin abokin kokawa, santsin dutse. Wannan haɗari malami ne, kuɗin makarantarsa targaɗe ne da ƙujewar gwiwa, wani lokaci karaya. Yaro bai san wuta ba sai ya taka, kuma gara ya taka garwashi yana ƙarami da ya faɗa gobara yana babba. Akwai kuma haɗarin da ba ya gani, ba ya iya aunawa, in ya same shi ba ya barin darasi: ɗan bindiga, zurfin kududdufi, ƙwayar cutar da ke cikin ruwa, babur da ya kwaso gudu a lungu. Tsare yaro daga wannan na biyu wajibi ne, babu jayayya. Hana shi na farko kuwa tauye shi ne. Makiyayin kirki yana nisanta garkensa daga ramin kura, amma ba ya share musu ƙaya daga hanya. Abin da ya same mu shi ne, don gudun na biyun mun kwashe har na farkon, saboda ƙyaure ba ya tantancewa, abin da ya hana shiga da abin da ya hana fita duk ɗaya ne a wurinsa. Kuma ga wata gaskiya mai nauyin faɗa: yaran Ƙanƙara a ɗakin kwanansu aka same su, ɗaliban jami'ar nan ma a cikin gida. Katanga tana kwantar da hankalin uwa fiye da yadda take tsare ɗa.

Tsoro ba shi kaɗai ya cinye wasa ba, buri ma ya ci nasa. A al'adar makarantar allo ana hutu Alhamis da Juma'a. Makarantar boko tana hutu Asabar da Lahadi. Da hankali ya yi aiki, da yaro ya amfana da ɗaya daga ciki. Abin da muka yi shi ne, ranar da allo ke hutu boko na aiki, ranar da boko ke hutu Islamiyya ta karɓe shi tun safe, abin da ya rage na yamma a cike shi da lesin. Yaro ɗan shekara takwas a gidan masu hali ba shi da yini guda cikin bakwai da zai ce nasa ne, abin da ko lebura yana da shi. Muna kiran wannan kula. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi magana a kan haka a cikin Ihya'u, inda ya ba da shawarar a bar yaro ya yi wasa in ya taso daga karatu, ya kuma yi gargaɗin cewa hana shi wasa da matsa masa da karatu ba hutu yana dusashe zuciyarsa da basirarsa, har ya koma neman dabarar tserewa daga karatun baki ɗaya. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Anas ɗan Malik yana yaro, Anas ya tarar da yara suna wasa a hanya ya tsaya, da Manzon ya iske shi a can bai yi masa faɗa ba, da murmushi ya tambaye shi aiken. Mu da muke cewa don addini muke cike wa yara lokaci, ya kamata mu tsaya a kan wannan murmushi.

To laifin wa? Na daɗe ina juya tambayar, kuma inda na tsaya shi ne, yayata ba ta yi kuskure ba a lissafinta, amma jimillar lissafin iyaye dubu irinta kuskure ce. Lungun da yara ashirin ke wasa a ciki, da tsofaffi biyu a kan dakali, da mai shayi da mai tireda da suka san ɗan wane ne wannan, wuri ne da baƙo mai mugun nufi ke jin nauyin shiga. In uwa ɗaya ta janye ɗanta, saura goma sha tara. In goma suka janye, sauran sun fi zama cikin haɗari fiye da jiya, sai su ma a janye su. A ƙarshe lungu ya zama kufai, kuma yaron da ya leƙa shi kaɗai lalle yana cikin haɗari, tsoron da ya kore su ya tabbatar da kansa. Saboda haka cewa da uwa ɗaya "ki bar shi ya fita" zalunci ne, don an ce ta biya bashin unguwa duka da ɗanta. Kiwo ma ai ba a fita da akuya ɗaya daji. A garke ake fita.

Karin maganar nan da muke yawan ja, ɗa na kowa ne, ba ado ba ce a da, tsari ne mai aiki. Yana nufin maƙwabci yana da ikon tsawatar wa ɗanka, kuma saboda wannan iko yana da nauyin sa masa ido. Mu muka warware shi da hannunmu ranar da tsawatar wa ɗan wani ta fara kai mutum gaban 'yan sanda. Wanda ka hana ya ce wa ɗanka "sauko", kada ka yi mamaki in ya ga baƙo ya ja hannunsa ya kau da kai. Filin ma haka. Tun da aka kafa jami'a a 2011 Dutsin-Ma ta buɗe, alheri ya shigo, ƙasa ta yi daraja, kuma kowane fegi da yara ke buga ƙwallo a kai sai aka tuna yana da mai shi. Ana yanka fuloti a bar wa masallaci wuri, a bar wa shago, ba a bar wa yara ko taki goma ba, don su ba sa zuwa wurin rabon. Nijeriya ta amince tun 1991 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara, wadda sashenta na 31 ya lissafa wasa da hutu cikin haƙƙoƙin yaro, kuma hukumomi yarjejeniyar ta ɗora wa nauyin. Tsaron dajin Rugu ba aikin mai unguwa ba ne, wannan sai gwamnati, kuma ba za mu daina bin ta bashinsa ba. Amma yaron da ke da shekara tara yau ba zai iya jiran a gama da daji ba. Keke a koya da girma, gaskiya ne. Langa ba a koyonta da gemu, abin da take koyarwa kuma yana da lokacinsa kamar shuka.

Wasan farin wata kam ban ce a mayar da shi yanzu ba, musamman a unguwannin bakin gari da ƙauyukan yamma. Wanda ya ce a yi haka bai kwana a nan ba. Abin da ya rage a hannunmu shi ne tsakanin la'asar da magariba, kusan awa biyu, rana ta yi sanyi, gari na ganin juna. Kusan kowace unguwa tana da makarantar firamare mai fili a tsakiya, wadda ke zama fayau daga azahar har washegari. Ba a bukatar kwangila. Ana bukatar mai unguwa da liman da hedimasta su zauna a tabarma ɗaya, malaman Islamiyya su saki yamma biyu a mako, iyayen lungu su yarda su sako yaransu a lokaci ɗaya, kuma kada a kori almajiri ko 'yar talla da ta ajiye farantinta a gindin bedi. Sai dattawa biyu ko uku, cikin waɗanda dama a bakin titi suke yin hirar yamma, su matsar da bencinsu zuwa bakin filin. Sharaɗi ɗaya zan roƙa a kafa musu, shi ne su fuskanci hanya, su ba yaran gefen ido kawai. In gardama ta kaure a kan wa ya saki ƙafa, kada su tanka, sai in an ɗauki dutse.